Ƙulli Biyu a Tukunyar Kaka

Kishiyata,

Saƙonki ya iso. Ƙaninki ya karanta mini shi sau biyu bayan isha'i. Na farko na yi dariya har tari ya sarƙe ni, na biyu kuwa jikina ya ɗan yi sanyi. Yanzu ga shi nan a bakin gado yana rubuta abin da nake faɗa.

Kin ce littafin nan da kika bar mana da hutu, na yarinyar zamanin gyaɗa da maza biyu ke nema, za ki rubuta ra'ayinki a kansa don ƙawayenki masu karatu. Shi ne kike tambaya wai da gaske a da budurwa kan tsaya da samari biyu ba a ce ta yi abin kunya ba, kuma wa ke zaɓa, ita ko iyayenta. Na ji. Sai dai na yi ta juya maganar a raina, littafin ne ke tambaya ko kuwa ke ce?

An karanta mini shi kaf, dare goma sha ɗaya muna abu guda. Mai littafin tana da baki, wannan ba zan hana mata ba. Inda ta kwatanta jakuna a jere da buhuna a kan hanyar tasha, sai da na ji ƙurar a maƙogwarona. Amma ba ta zauna da tsofaffi ba. Ta ce labarin kafin a ba mu mulkin kai ne a 1960, sai ga shi ana yanka sadaki da naira. Naira ai sai 1973 ta zo, aka canza mana fam ɗaya a naira biyu. Mu da fam muka tashi, sule ashirin ke yin sa, ga sisi, ga taro, ga kwabo mai huji da muke zurawa a zare. Kuma ta sa yarinya ta dubi namiji ido cikin ido a zaure ta ce tana son sa. Haba! Yarinyar da ko sunansa ba ta iya kamawa, sai dai ta ce "wancan"?

Waɗannan duk ƙanana ne, a gyara su a bugu na gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta yi da na biyun, ɗan hakimin nan. Tun daga tsakiyar littafi ta mai da shi mugu, yau yana gidan boka, gobe ya tura a tare ɗan'uwansa a hanya, don dai ranar da aka hana shi kada kowa ya ji zafi. Ni kuwa na ga irin wannan rana da idona, kuma wanda aka hana ɗin ba mugu ba ne.

Bari in ba ki labarin Yaya, Allah ya jiƙanta. Ina 'yar shekara tara, ni ce 'yar aikenta. A lokacin babu wata Jigawa, sai 1991 aka yanke mu, Ringim ma hakimi ne da ita ƙarƙashin Sarkin Kano. Da farin wata 'yan mata kan fita dandali, mai kalangu na kiɗa, saurayi ya ba shi sisi ya wasa wadda yake so. Duk wanda ya ga Yaya ya yaba, ni zai kira ya ce in kira ta, ya danƙa mini taro. Babu mai cewa don wane ya riga shi, shi ba zai zo ba. Kakarmu ta wajen uba, ita ma Kaka muke ce mata, kullum cewa take budurwa allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ƙofa a buɗe take har ranar da aka yi baiko aka raba goro. Daga nan kuma ta rufu ruf. Limamin garinmu ya sha faɗa mana daga Risala cewa ba a nema cikin neman ɗan'uwa in har an riga an karkata ga juna.

Biyu ne suka tsaya mata da gaske. Ɗaya ɗan Gwaggo ne, taubashinta, wanda tun tana goye ake tsokanarsa da ita. Manomi ne marar yawan magana. Damina biyu yana kwaso samarin unguwarsu su yi wa mahaifinmu Malam gayya, tun daga noman fari har maimai. Ɗayan kuwa malamin awo ne a tashar Ringim, yaron wani mai sayen gyaɗa, Bakano, ya yi elementare, ga alƙalami a aljihu, ga keke Raleigh mai ƙararrawa. Layin dogon nan da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya tsaya a Nguru tun 1930, shi ya riƙa kawo mana irinsu. Da kaka su kafa sikeli, su auna, jirgi ya kwashe zuwa Kano inda ake jera buhunan su zama dala. Shi ma mutumin kirki ne, ban taɓa jin an ce ya danne wa manomi awo ba.

Kowannensu yana kawo toshi. To, nan ne abin da mai littafinki ba ta sani ba. Ko anini Yaya ba ta taɓawa. Da ta shigo sai ɗakin Kaka, ta zube a gabanta. Kaka tana da tsumma biyu, ɗaya baƙin saƙi, ɗaya farin alawayyo. Na ɗan Gwaggo a baƙin, na malamin awo a farin, ta ƙulle, ta tura ƙasan wata tsohuwar tukunya ta rufe da faifai. Sabulu ma ba a ɓare takardarsa, kwalbar Bintu Sudan ba a buɗe ta. In Innarmu ta matsu ta zo rance, sai Kaka ta ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan ajiya ce, ba namu ba ne sai an shafa fatiha."

Shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, cikin azumi abin ya faru, ga hunturu. Kwana kaɗan aka yi ƙaramar salla, a garinmu ko kalangu ba a taɓa ba. Amma toshin salla ya zo daga gida biyu rana ɗaya, 'yan aiken har suka yi kiciɓis a ƙofar zaure. Malam ya shigo ransa a ɓace, ya ce wa Kaka taura biyu ba ta taunuwa, a yi ta ta ƙare kafin zumunci ya lalace. Kowa ya san inda ransa yake. Ɗan ƙanwarsa yake so, kuma da ya ga dama da ya ɗaura kawai, don liman ya ce uba yana da wannan iko a kan 'yarsa budurwa. Gidaje da yawa haka aka yi. Ƙawata guda sau uku tana gudowa daga ɗakin mijin da aka ba ta, ana mai da ita da bulala. Don haka kada ki rubuta cewa kowace yarinya an tambaye ta.

Kaka ce ta tsaya. Ta ce wa Malam, "Ku malamai kun ce a nemi izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta. To, shiru amsa ce in mutum ɗaya ne. In biyu ne, shirun na wa?"

Daren nan ba zan manta da shi ba. Ɗakin Kaka akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ni ina can ƙurya na lulluɓa, ana zaton barci nake. Ta kira Yaya, ta jawo tukunyar, ta fito da ƙullin nan biyu ta ajiye a kan tabarma gaban fitilar aci-balbal. Ba ta ce mata wa kike so ba, don ta san ba za ta samu amsa ba. Cewa ta yi, "Gobe ɗaya zai koma inda ya fito. Nuna mini wanda za a mayar." Sai ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi, kamar ba ita ta yi maganar ba.

Yaya ta dunƙule, ta ja mayafi har goshi. Ina jin mazari na juyawa a kan 'yar fatar, ina jin shessheƙa ƙasa-ƙasa. Fitila ta kusa mutuwa, Kaka ta ƙara man gyaɗa ta gyara lagwani. Ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma hanzarta ta ba. Auduga ta ƙare, ta ɗauko wata. Ni dai har barci ya ɗauke ni na gaske, na farka na tarar suna nan yadda na bar su. Sai da zakara ya yi cara na farko, sannan na ga ƙafar Yaya ta fito daga ƙarƙashin zane, da ɗan yatsa ta ture baƙin ƙullin, tazarar da ba ta fi taƙi ba. Daga nan ta kife a cinyar Kaka ta fashe da kuka mai sauti. Da ba ta son ɗan Gwaggo ko kaɗan, ai da ba ta kai asuba ba.

Kwana uku bayan haka aka zauna a zaure: mai unguwa, liman, ƙanin Malam, mijin Gwaggo da shi ɗan nasa. Ni aka aika da kunu, na ajiye na maƙale bayan asabari. A al'ada wanda aka ba shi ke biyan ɗawainiyar wanda aka hana, wani lokaci har gaban alƙali ake zuwa ana rantse-rantse. Mu Kaka ta hutar da mu. Mai unguwa ya kwance ƙulli ya shiga jera kuɗi a kan buzu, sule-sule, yana ƙirgawa da ƙarfi, fam biyu da sule goma sha huɗu da sisi. Ga ɗankwali biyu a ninke, ga sabulu, ga tsakiya, ga awarwaro. Mijin Gwaggo ya ce akwai madubi. Aka duba, babu. Kaka ta aiko daga ciki cewa ita ma da safen nan ta lura. Malam ya sa hannu a aljihu zai biya, ɗan Gwaggo ya ce a bar shi.

Sai liman ya ce, "Noman damina biyu fa? Haƙƙi ne, a ƙiyasta." Tun da aka zauna kansa na ƙasa, sai a nan ya ɗago. Ya ce, "Allah gafarta malam, gonar kawuna na nome." Malam ya juya fuskarsa ga bango. Ni ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar.

Kada ki ɗauka abin ya wuce salin-alin. Gwaggo shekara biyu ba ta taka gidanmu ba, sai ranar sunan ɗan farin Yaya, shi ma a tsaye ta sha ruwa. Amma ranar kai amarya, shi ɗan nata ne ya ɗaura wa jakinsa mangala ya kai kayan gara har tasha. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, awo ya mutu, mijin Yaya ya koma Kano yana aiki a wata masana'anta a Bompai, suka ga rayuwa. Duk kaka sai buhun gero ya tafi musu da sunan Malam, alhali mun san rumbun da ya fito. Ya yi aurensa, ya haifi 'ya'ya tara. Ita ma ta zauna da mijinta lafiya har mutuwa ta raba, ban taɓa jin ta yi kuka da shi ba. Ranar da muke raba kayanta na buɗe wata kwalla, a can ƙasa cikin tsumma na ga ɗan madubin nan, bayansa duk ya ɓamɓare. Ban ce ta yi nadama ba. Abin da na gani na faɗa miki, kuma ke ce ta farko da na faɗa wa.

In za ki rubuta ra'ayinki, ki gaya wa mai littafin cikin ladabi cewa ta yi wa na biyun rashin adalci, kuma ta rage wa yarinyarta daraja, don zaɓi tsakanin nagari da mugu ko yaro ya iya.

Ku na yanzu ne nake jin tsoro. Samari biyu ba sabon abu ba ne, amma a da duk gari ya san su, ya san iyayensu, kuma akwai tsohuwa mai riƙe da lissafi. Yau komai a waya. Wannan ya turo kati, wancan ya turo kuɗi ta banki, an kashe tun kafin gari ya waye, uwa ba ta sani ba balle kaka. Ranar rabuwa kuma babu zaure, babu liman, sai a toshe lambar mutum kamar bai taɓa yin sallama ba. Ɗan mutane ne fa, shi ma da uwarsa da ke jin zafinsa.

Shi ya sa na ce jikina ya yi sanyi. Da kika zo hutu na ga wayarki na haske kina kife ta, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. Ba zan matsa miki a takarda ba. In akwai abin da kika karɓa, ki daina taɓawa, ki rubuta shi a wani wuri. Tukunyar Kaka ta fashe tuntuni, amma ina da kwalla mai murfi a ƙarƙashin gado.

Ki zo da salla, ki taho da ɗaya littafin da kika ce ya fi wannan. Kuma ki sayo goro fari ƙwarya ɗaya a hanya. Tsohon nan da ke zama gindin darbejiya a ƙofar masallaci, wanda kuke ce wa Baba Tsoho, idonsa ya yi rauni yanzu, sai kin faɗa masa ko jikar wace ce ke. Ki durƙusa ki gaishe shi da kyau, ki ba shi goron. Kada ki tambaye shi komai.

Kakarki.