Tambaya da Amsa: Tsohon Kwale-kwalen Babana

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Babanmu ya rasu ya bar mana kwale-kwale mai inji a Ada, wani gari a bakin teku a Ghana, katakon gefensa ya yi fari fat, ƙarafan duk tsatsa. Zai gyaru kuwa? Daga mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Zai gyaru mana ɗan'uwa, amma fara soka sukudireba a katakon, in ta shige kamar cikin burodi to ya ruɓe, canza shi kawai. In da ƙarfinsa, farin nan aikin rana ne da gishiri, ka goge da samfefa lamba 120 sannan 220, kana bin tsawon itacen kar ka gitta, sai ka shafa banish na jirgin ruwa siriri-siriri kamar sau 6 kana bari ya bushe tsakani, kuma don Allah ba ranar da ƙurar hunturu ta taso ba, duk mannewa za ta yi.

Ƙarafa kam, a Ada ne kogin Volta ke shiga teku, gishiri ba ya tausayi. Cire sukurorin, sa na ƙarfe marar tsatsa (stainless) mai lamba 316. In ka je saye tafi da maganaɗisu, wanda ya kama tam ba 316 ba ne, bar musu kayansu. Duk lokacin da ka dawo daga ruwa ka ɗauraye ƙarafan da ruwan famfo.