Dokar Faransa a ajin ɗana, da mai tallar digirin Kwatano

Tambaya: Barista, ni mai sayar da dabbobi ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Ɗana yana aji huɗu a fannin shari'a a Kano. Ya ce an kawo musu malami daga wata jami'ar waje yana koya musu dokar Faransa, ana gwada ta da tamu. Hankalina ya ƙi kwanciya, me ya haɗa mu da Faransa? Ga kuma wani da ya ce in ba shi kuɗi ya kai ƙanen ɗan nawa Kwatano ta ƙasar Benin, shekara biyu ya dawo lauya.

Amsa: Alhaji, batun farko bai kai ka rasa barci ba. Mutumin da ke koro maka raguna daga Damagaram ranar Alhamis, dokar ƙasarsa daga Faransa ta samo tushe. Dokar kasuwancinsu kuwa ta OHADA ce, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashe 17, har da Nijar, Chadi, Kamaru da Benin. Najeriya ba ta ciki, ga mu a tsakiyarsu. Ranar da bashi ya haɗa ku rigima, lauyan da ya san hannu biyu za ka nema. Ko kundin Final Kot na Arewa, wato dokar hukunta laifuka, da ya fara aiki a 1960, daga na Sudan aka tsaro shi, shi kuma daga na Indiya na 1860. Baƙon malami zango ɗaya ko biyu yake yi ya koma, manhaja tana nan hannun hukumominmu. Sanin dokar wasu ba bin ta ba ne, kamar yadda Bamalike ke karanta hujjar Shafi'i.

Na biyun ne ya ɓata mini rai, don kusan kullum sai an zo mini da shi. Babu wata takardar ƙasar waje da ke mayar da mutum lauya a Najeriya. Babu! Ko daga Ingila ya zo, sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, mai hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda nan Kano. Wanda ya yi karatu a waje ma sai ya fara yin zangon share fage na dokokin Najeriya kafin ya shiga ajin da 'yan gida ke shiga, kuma sai in Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da digirin nasa. To Benin ma tsarin Faransa take bi, ba irin namu da muka gada daga Ingila ba. Shekara biyar ake yi a nan kafin a je makarantar lauyoyi. Wa ya ba wannan dillali ikon yanke uku?

Ko bai gaya maka ba, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin mako shida. Na ga uban da ya sayar da gonar gado da shanun huɗa, yaro ya dawo da hoto cikin riga da hula, aka yi walima, har yau takardar tana cikin akwati. Dillalin kuwa ya canza lamba.

Kada ka ba shi ko sisi. Ka ce ya rubuto maka sunan jami'ar, ka ba babban ɗanka ya kai wa shugaban tsangayarsu ya duba. Ƙanen kuma ya zauna ya yi JAMB.