Amsa ga 'yar uwar da ake jifar kwanon gidanta da dare

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, don kusan duk abin da kika lissafa na gan shi: jifa a kan kwano bayan isha'i, takun mutum a tsakar gida, yaro ya farka yana ihu, maigida ya ce tsoro ne kawai, ga kuɗin hayar shekara an riga an biya. Kina tambaya ki tashi ko ki daure. Kafin komai ki sani ba ki haukace ba, kada ki yarda wani ya sa ki zargi hankalinki.

Mu namu gidan a Kano ne, wajen Kurna, a hunturun 2019. Dillali ya ce wa maigidana wai mai gidan ba mazauni ba ne, mai riƙon amana kawai yake nema, shi ya sa kuɗin ya yi sauƙi. Ɗaki biyu da falo, ga rijiya, ga tsohuwar tsamiya a bayan katanga. Muka shiga da murna.

Daren da ba zan manta ba, maigida ya tafi Legas da mota, an kuma ɗauke wuta. Can tsakar dare na ji ana daka a tsakar gida, dakan gaske, taɓarya tana sauka tana tashi. Turmina kuwa yana kife a kicin, ni na kife shi da hannuna. Sai 'yata, lokacin ba ta kai shekara huɗu ba, ta tashi zaune ta nuna bakin ƙofa ta ce, "Umma, ki ce ta daina kallona." Wallahi 'yar uwa, Ayatul Kursiyyu da na haddace tun ina Islamiyya sai ta ɓace mini. Farkonta kawai nake ta maimaitawa, haƙorana suna haɗuwa. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai ga ƙaramin na goya shi, na figi hannun yayarsa. Na fita babu mayafi babu takalmi, cikin wannan sanyin, ina dukan ƙofar maƙwabciya ina kuka. Har yau in na ji ana daka da dare sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da baiwar Allah ta yi bayan ta ba ni ruwa: "Ai mun zaci an faɗa muku. Waɗanda suka gabace ku ma ba su cika shekara ba." Ashe dillalin nan ya sani! Ya ga ina da ƙananan yara, har wasa ya yi wa 'yata ranar da muka je duba gida, ya karɓi la'adarsa ya yi shiru. Da maigida ya same shi, cewa ya yi gida ba ya cin mutum, kuma kuɗi in ya shiga ba ya fita. Ko sisi bai mayar mana ba. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ni dai na bar shi da Allah, amma ban yafe daren nan ba.

Ki lazimci Suratul Baƙara, ke da bakinki, ko da rarrabawa za ki yi. Hadisi ne a Sahihu Muslim cewa shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta ta. Ayoyi biyun ƙarshenta duk dare, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a hannu ki shafe yaran. Da magariba ki shigo da su, ki rufe ƙofa da bismillah, ki rufe kwanuka. Ni wannan ne ya fara dawo mini da barci.

Ki yi hattara da masu cin abinci da tsoron mutane. Wata 'yar uwar maigida ta kawo mana wani, ko zama bai yi ba ya ce sai an yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya, ya yanke kuɗi mai yawa. Na ce ba a gidana ba. Yanka don aljani shirka ne, mai ruƙiyya na gaskiya Alƙur'ani zai karanta kina ji, ba zai nemi sunan mahaifiyarki ko ɗankwalinki ba, ba zai keɓe da ke ba.

Sannan da rana tsaka ki sa maigida ya samo kafinta a leƙa silin. A namu an tarar da jemagu da gafiya, su ne masu gudu a sama. Kwano ma yana ƙara da kansa in sanyin dare ya sauka bayan zafin rana, kuma jifa wani lokaci yaran unguwa ne ko wani mai son ku tashi. Dakan nan dai har muka bar gidan babu wanda ya gano kansa. Na ga kin ce kina tashi da ciwon kai, wannan ya tsaya mini a rai. Kina kunna gawayi a ɗaki a rufe? Janareto yana kusa da taga? Hayaƙinsu yana da iskar da ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai, jiri da ruɗewa, tana kashe mutum yana barci. Don Allah ki duba wannan yau ɗin nan. In kuma ji kike an danne ki kin kasa motsi, dannau ne, rashin barci da firgici suna ƙara shi, ki je asibiti ki yi wa likita bayani. Ba ya hana addu'a.

Maigidanki kuwa, kada ki yi masa maganar da dare kina kuka, ba zai saurara ba. Nawa sai da mahaifina ya kira shi ya ce ba zai bar jikokinsa su ƙara kwana a can ba. Ki sa babba a ciki. Ki tambayi tsofaffin unguwa tarihin gidan, su ba su da la'adar da za su kare.

Mu mun tashi, muka bar sauran kuɗin hayar, muka ci bashi muka kama ɗaki guda. Mun sha wuya sosai, amma 'yata ta daina fitsarin kwance, ta koma cin abinci. In yaronki ya kai ga ƙin shiga ɗaki ko ya fara ramewa, ki tashi kawai. Kafin nan kada ki ƙara kwana ke kaɗai da shi, ki ɗauko ƙanwarki ko ki tafi gida duk ranar da maigida ba ya nan. Ki rubuto mana abin da aka gani a silin ɗin, da kuma maganar gawayin.