Rinin Gashi Mai Hawa Biyu: Zai Dace Da Ni?

Tambaya: Anti, bikina ya kusa. Ina son rinin ombre, wato tushen gashi baƙi, jelarsa ruwan zuma. Wata ɗaya ke nan da na sa rilaksa. Zai yiwu? Daga wata amarya, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Ƙanwata, ki dakata tukuna. Baƙin gashi ba ya komawa ruwan zuma sai an koɗe shi da bilic, rilaksa kuwa ya riga ya raunana shi. Idan suka haɗu, ga kuma bushewar hunturun Katsina, sai jelar ta riƙa kakkaryewa a matajinki.

Jiƙa sili ɗaya ki ja a hankali. In ya miƙe kamar cingam bai koma ba, bar maganar bilic. Ki shafa lalle a ƙarshen gashin kawai, awa 3. Jan nan mai duhu yana fitowa sosai a rana, ya fi kyau a kalaba.

In gashin na da ƙwari kuma ya kai kafaɗa, ki sa mai gyaran gashi ta yi amfani da dibelofa (sinadarin da ake haɗa bilic da shi) mai lamba 20, kada ta taɓa tushe. Ki gwada rinin a bayan kunne awa 48 kafin ranar da za a yi miki rinin. Daga nan kada man kaɗanya ya yanke miki.