Aku na yana figar gashinsa kuma ya ƙi magana, mi za ni yi?

Tambaya: Salam likita, ni ina nan Sakkwato wajen Mabera, wata 4 da suka wuce maigida ya sawo min aku mai launin toka da jan wutsiya, har yau ko kalma ɗaya bai faɗa ba sai ihu, kuma yanzu ya fara figar gashin ƙirjinsa. Gyaɗa da masara nake ba shi, wata maƙwabciya tace in ƙara mai barkono bakinsa zai buɗe. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar magana a ajiye ta gefe tukunna, figar gashin nan ita ce abin da ya tada min hankali.

Wannan aku ba irin tsirya ba ne da muka saba gani a nan arewa, shi ɗan daji ne mai ruwa da danshi, daga kudancin Najeriya da Kamaru har Kwango da Yuganda, kuma a can cikin garke yake rayuwa, su tashi tare su kwana tare. To kin ga an ɗauko shi an kawo garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, hunturu ya zo da ƙura da bushewa, sannan an rufe shi a keji shi kaɗai a lungu. Tsuntsu ne mai kaifin ƙwaƙwalwa sosai, akwai wani mai suna Alex da wata masaniyar kimiyya Irene Pepperberg ta yi bincike a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, ya san kalmomi sama da 100 yana bambance launi da siffa. Mai irin wannan kai idan kaɗaici ya ishe shi kansa yake komawa yana figa.

Ki dawo da kejin inda kuke zama kuna hira, a inuwa ba cikin rana ba, ki riƙa fesa mai ruwa mai tsafta da safe ko ki aje faffaɗan kwano ya yi wanka da kansa, ki sa mai reshen icce da kwali ya samu abin ɓarzawa. Amma fa turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi da na feshi, don Allah a nisanta su da shi, numfashin tsuntsu baya ɗaukar hayaƙi, na ga wanda ya kwana ɗaki ɗaya da maganin sauro da safe aka tsince shi a ƙasan keji.

Abinci kuma gaskiya gyaɗa da masara kaɗai sun yi kaɗan, maiƙo ya yi yawa a cikinsu, ga kuma ƙarancin bitamin A da sinadarin ƙashi, irin wannan akun kuwa an san shi da wannan matsalar har ta kai shi ga farfaɗiya. Ki haɗa mai karas, kabewa, gwanda, mangwaro, dafaffen dankali, ɗan dafaffen ƙwai wani lokaci. Gyaɗa mai fumfuna guba ce. Kar a ba shi fiya, cakulan, goro ko shayi. Barkono baya cutar da shi don tsuntsu baya jin yaji, amma baya buɗe baki.

Ki duba idonsa da kyau. In baƙi-baƙi ne ko toka to yaro ne, da yawansu sai sun kai shekara suke fara magana. In ruwan ɗorawa ne mai haske to babba ne, kuma in yana gurnani yana maƙalewa a kusurwa duk sanda kika matso, alama ce daga daji aka kamo shi, wannan sai haƙuri mai tsawo, wani ma ba zai taɓa magana ba. Tun taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji) na 2016 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe saboda sun ragu ƙwarai, shi yasa nake roƙon kar a sake sayen wani a hannun masu yawo da su. Wannan da ke hannunki kuwa amana ce, zai iya kai shekara 40 ko fiye.

Cikin satin nan ki kai shi asibitin dabbobi na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba fatarsa, don wani lokacin ƙwari ne ko ciwo ke sa figar. Ki tafi da samfurin abincin da kike ba shi.