Fitilar da ke auna danshin gyaɗa: me take iyawa, me ba ta iyawa

Wani manomi daga Jiratawa ya aiko da tambaya: an tallata masa wata 'yar na'ura da ake ɗorawa kan gyaɗa ta faɗi ko ta bushe, ga shi bai ga wani haske kirki na fita daga cikinta ba. Yaudara ce?

Malam, hasken yana nan, idonmu ne ba ya kama shi. Ganin ɗan Adam yana tsayawa a launin ja, wajen nanomita (ma'aunin tsawon zangon haske) 700 zuwa 780, wannan kuwa yana bayan ja. Ka danna rimot ɗin talabijin gaban kyamarar waya, a wayoyi da yawa za ka ga yana walƙiya. Danginsa ne.

A sababbin na'urorin, ƙwayar LED mai shuɗin haske ake shafa wa wata hoda, fosfo, wadda galibi ke da sinadarin kuromiyom. Hodar ta sha shuɗin, ta fitar da wancan ɓoyayyen hasken. Haka ake yin farar fitilar da ke ɗakinka, sai dai hodarta rawaya ce. Ruwa yana shanye hasken a wajen nanomita 970 da 1450, don haka abin da ya dawo daga gyaɗar shi ke nuna yawan danshinta. Amma sai an saita na'urar da irin amfanin da za a auna. Wadda aka saita da alkama ba za ta faɗi gaskiya kan gyaɗar Maradi ba, kuma wannan nake so ka tambayi mai sayarwa tun kafin ku yi ciniki. Ɓararriyar gyaɗa tana son danshi kashi 7 zuwa 8 cikin 100 kafin a zuba ta a buhu.

Wata mai ƙuli-ƙuli daga Tibiri kuma ta ce, na'urar za ta nuna mata gubar fumfuna?

Hajiya, kada ki dogara da ita a nan. Gubar fumfunar, wato aflatoksin, da ke lalata hanta kaɗan ne ƙwarai a cikin ƙwaya, ƙaramar na'ura ba ta isa ta wanke gyaɗa daga zargi ba, sai gwajin ɗakin bincike. Ki tsince masu baƙi, da masu ƙwari, da waɗanda suka yanƙwane, ki zubar, kar a ba yara ko kaji. Shanya a kan tabarma ko tamfol, buhu kuma a ɗora kan katako nesa da bango.