Amsar tambayarka kan ƙirgen Yarbawa da namu

Salam ɗana, ya kasuwa, ya mutanen Mile 12? Na ga saƙonka, wai me ya sa tsofaffin matan Yarbawa masu sayen tumatur a wajenka in za su ce arba'in da biyar sai su ce hamsin ba biyar, kuma wai da gaske ne mu ba mu da ƙirge sai na Larabawa.

To ƙirge dai daga hannu ya fito, da kuma abin da hannun ke ƙirgawa. Lokacin da wuri ne kuɗi, Bayarabe zai zube shi a ƙasa yana ja biyar biyar har ya haɗa ashirin, ashirin goma su zama tsibi guda na ɗari biyu da suke kira igba, to wanda idonsa ya saba da cikakken tsibi ai ya fi masa sauƙi ya rage daga ciki da ya koma farko, shi ya sa arba'in a bakinsu ogoji ce wato ashirin biyu, sittin ogota, hamsin kuwa aadota, sittin ba goma kenan. Don Allah kar ka yi musu dariya, mu ma muna yi, kakarka har ta koma ga Allah ba ta cewa sha tara sai dai ashirin ba ɗaya. Ko Faransawa ashirin huɗu suke ce wa tamanin.

Maganar Larabci gaskiya ce, ashirin, talatin, hamsin, metan duk malamai da fatake suka kawo su, amma wanda ya ce maka ba mu da namu bai zauna da tsofaffi ba. Akwai gomiya biyu, gomiya uku, akwai hauya wuri ashirin, zangu wuri ɗari, keso kuwa wuri 20,000, daidai da abin da Yarbawa ke kira oke ɗaya, don da wurin nan ɗaya ake ciniki daga Kano har Ikko. Ita ma jaka da kuke faɗa fam ɗari ce a da, da naira ta zo a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta koma naira 200, kuma abin yana damuna yadda yara ke faɗa ba su san mafarinta ba.

In ka samu sarari ka leƙa Agege wajen dattawan 'yan goro ka ga yadda ake ƙirga ƙwarya, goro ɗari cif. Ka gaida min mahaifiyarka da ƙannenka.